Moton Yaya ya yi mata tsawo

Darasin kimiyya da sana'a

1. Faɗuwa cikin rairayi

Auta ɗan lakwal ne a wani gari na jihar Maradi. Yana da yaya mace, ma'aikaciyar lafiya. Kowace Talata Yaya tana zagaya ƙauyuka. Tana auna nauyin jarirai, tana yi musu allurar rigakafi. Da can a amalanken shanu take zuwa. Bana sai aka ba ta moto.

Moton ba sabo ba ne. Wani ma'aikaci ne yake hawansa, kafin a kai shi aiki wani gari. Mutumin dogo ne, mai jiki. Yaya kuwa gajera ce, ba ta da nauyi. In ta zauna bisa sirdi, yatsun ƙafa ɗaya kaɗai suke taɓa ƙasa. Tafiya ba ta ba ta wuya. Tsayawa ce matsala.

Wata Talata da bazara, ta ɗaure akwatin sanyi a baya, ta kama hanya. Kusa da gulbi, garken awaki ya ratsa gabanta. Ta taka birki, ta miƙa ƙafa. Ƙafar ta nutse cikin rairayi. Moton ya karkata, ya rinjaye ta, suka faɗi tare. Ta ƙuje a gwiwa. Murfin akwatin ya buɗe, kwalaben allura suka zube cikin rana, wasu suka fashe.

Can a ƙauye, mata sun taru gindin tsamiya tun hantsi, da ƴaƴansu a goye. Suka jira har azahar. Ran nan ba yaron da ya samu allura. Ga shi kuwa lokacin ƙyanda ne.

Da dare Yaya ta kasa cin tuwo. Ta ce wa ƙanenta:

— Auta, moton nan ya fi ƙarfina. Ko a rage masa tsawo, ko in mayar musu da abinsu.

— Yaya, kada ki mayar. Gobe ba lakwal da marece. Sai mu kai shi garaji.

2. A garaji

Washegari suka je garajin bakin tasha. Maigaraji tsoho ne, ya daɗe cikin sana'a. Suka tarar ya fita sayen kaya, sai yaronsa. Yaron ya dubi moton, ya yi dariya.

— Malama, wannan ai aikin minti goma ne. In sa zarto in yanke rasor, zagaye biyu-biyu. Ko in sa masa wutar walda ya kwanta. Nan take moto zai zauna ƙasa kamar jaki.

Har ya ɗauko zarto, sai ga Maigaraji ya shigo.

— Kai yaro, aje zarton nan! Wa ya koya maka haka?

Aka gaisa. Yaya ta ba shi labarin faɗuwarta. Tsohon ya saurara har ta gama.

— Ƴata, nawa kike so a rage?

— Baba, so nake ƙafafuna biyu su zauna daram a ƙasa.

Maigaraji ya riƙe moton a tsaye, ya ce ta hau. Ya miƙa wa Auta igiyar awo irin ta tela.

— Ɗan lakwal, auna mana. Nawa ne tsakanin dugaduganta da ƙasa?

— Santimita 8, Baba.

Tsohon ya girgiza kai.

— Takwas ba za ta samu ba, ƴata. Tsawon moto ba ado ba ne. Kowane santimita yana da aikinsa. Wanda ya cire shi, bashi ya ci, kuma hanya ce za ta bi shi bashin. Amma za a samu abin da zai ishe ki. Ku zauna, ku gani.

3. Me ke ɗauke da moto?

Yaro in ya diro daga katanga, yakan lanƙwasa gwiwa. In ya diro da ƙafafu a miƙe, zafin yakan kai har ƙugunsa. Gwiwa ce take shanye bugun.

Moto ma yana da gwiwoyinsa. Tsakanin taya da jikin moto akwai abubuwa biyu masu aiki tare.

Na farko ƙarfe ne da aka murɗa zagaye-zagaye. Makanikai suna ce masa rasor, daga faransanci. Na kusa da iyakar Najeriya sukan ce sifirin. Rasor shi ne yake ɗauke da nauyin moto, da na mahayi, da na kaya. In taya ta hau dutse, ya matse. In ta faɗa rami, ya miƙe.

Na biyu shi ne amortisar. Bututu ne mai ɗauke da mai a ciki. In rasor ya motsa, sai a tilasta wa man ya bi ta ƴan ƙananan kafofi, kamar yadda gasara take bin mataci sannu-sannu. Wannan shi ke hana moto yin tsalle-tsalle. Ba don amortisar ba, da moto ya taka rami ɗaya sai ya yi ta tsalle kamar ƙwallo.

A gaba, rasor da mai suna ɓoye cikin sanduna biyu masu riƙe da taya. A baya, tayar tana ɗaure da wani hannun ƙarfe mai hawa da sauka. Yawancin ƙananan motoci masu taya biyu da ke yawo a Maradi, da Damagaram, da Tawa, da Yamai, suna da amortisar biyu a baya, ɗaya dama ɗaya hagu, kowane da rasor ɗinsa a kewaye. Haka aka ƙera Honda CG125, wanda ya fito a 1975 domin ƙasashe masu hanyoyi marasa kyau. Da yawa daga cikin motocin da ake kawowa daga Sin tsarinsa suka bi. Wasu kuma amortisar ɗaya gare su, a tsakiya, ƙarƙashin sirdi.

Tazarar da taya take iya hawa da sauka, ita ake kira tafiyar taya. A ƙaramin moto na gari ba ta da yawa, santimita 7 zuwa 12 ne. A moton tseren hamada takan kai santimita 30. Shi ya sa sirdinsa yake wuce santimita 90 daga ƙasa. An ga irin wannan tsere a Nijar. Tseren Pari-Dakar na farko ya tashi daga Pari ran 26 ga Disamba 1978, ya ratsa Agadas da Yamai, ya isa Dakar ran 14 ga Janairu 1979. Moton da ya ci shi Yamaha XT500 ne, moto mai tsawo. Rairayi da duwatsu suna son dogayen ƙafafu. Raƙumi ma ba a banza ya yi tsawo ba.

Rasor da amortisar ba don jin daɗin zama kaɗai aka yi su ba. Babban aikinsu shi ne su riƙe taya manne da ƙasa. Tayar da ke sama ba ta jin birki, ba ta kuma bin inda aka juya ta.

4. Don me ba a yanke rasor?

Auta ya tambaya:

— Baba, in an yanke rasor ai ya gajarta. Me zai hana?

Maigaraji ya juya wurin Yaya.

— Ƴata, da me kike auna jarirai?

— Da ma'aunin rataye, Baba. Ana sa yaro cikin wando, a rataye shi, allura ta nuna nauyinsa.

— To, rasor ne a cikinsa.

Gaskiyar tsohon ce. In an rataya kilo 2, allurar ma'auni tana tafiya wata tazara. In an rataya kilo 4, tana tafiya ninkin wannan tazara. In kilo 6 ne, ninki uku. Wani masani na ƙasar Ingila, Robat Huk, shi ya bayyana wannan ƙa'ida a 1678: motsin rasor daidai yake da nauyin da aka ɗora masa, muddin nauyin bai fi ƙarfinsa ba.

Akwai abu na biyu. Kowane zagaye na rasor yana ba da nasa kason motsi. Ga misali. Wani rasor yana da zagaye 10. An ɗora masa kilo 20, ya matse da santimita 1, wato milimita 10. Ke nan kowane zagaye ya ba da milimita 1. Yanzu a yanke zagaye 2, saura 8. A sake ɗora kilo 20. Milimita 8 kaɗai zai matse. Rasor ya gajarta, amma ya ƙara tauri.

Saboda haka mai yanke rasor ya yi asara uku. Moto ya yi tauri, yana dukan bayan mahayi. Bakin da aka yanke ba ya zama daidai cikin mazauninsa. Kuma in taya ta faɗa rami, gajeren rasor yakan yi sako-sako, har ya goce.

Wutar walda ta fi zarto ɓarna. A masana'anta an gasa ƙarfen rasor, an sanyaya shi bisa ƙa'ida, don ya riƙa komawa yadda yake. In an sake sa masa wuta, wannan hali ya tafi. Wurin da ya sha wuta zai yi ta kwanciya, wata rana ya karye ana cikin gudu. Amortisar kuma akwai mai a cikinsa, wani har da iska a matse. Wuta tana iya fasa shi.

Wasu kuma sukan rage iskar taya don moto ya sauka. Wannan ma kuskure ne. Taya marar iska tana zafi, tana saurin lalacewa, kuma dutse yana lanƙwasa bakin ƙarfenta.

Maigaraji ya dubi yaronsa, ya ce:

— Ka ji ko? Garin neman gira a rasa ido.

Yaron ya sunkuyar da kai.

5. Awo kafin aiki

Tsohon ya ɗauki alli, ya yi alama a jikin moto, daidai saman notin tayar baya. Yaron ya ɗaga bayan moton har taya ta sake. Auta ya auna daga noti zuwa alama, ya rubuta cikin kaye. Aka sauke moton, Yaya ta hau, aka ɗaura akwatinta. Auta ya sake aunawa.

— Baba, ya sauka da santimita 2.

— Tafiyar tayar nan santimita 9 ce. Kashi ɗaya cikin uku nawa ke nan?

— Uku, Baba.

— Madalla! Uku ya kamata ya sauka, ba biyu ba.

Wannan ƙa'ida ce ta makanikai. In mahayi ya zauna, moto ya sauka da kamar kashi ɗaya cikin uku na tafiyar taya. Kashi ɗayan nan shi ne taya take miƙewa da shi cikin rami. Sauran kashi biyu su ne take hawa da su bisa dutse. In moto bai sauka sosai ba, rasor ya yi wa mahayin ƙarfi. In ya sauka da yawa, ba sauran wurin hawa.

6. Hanyoyin da suka dace

Hanya ta farko: zoben rasor. A gindin rasor na baya akwai zobe mai hawa-hawa, kamar matakalar soro. Yawanci hawa biyar gare shi. In an juya shi sama, yana tokare rasor, bayan moto ya ɗaga. In an juya shi ƙasa, bayan moto ya sauka. Zoben ba ya sauya taurin rasor. Wurin zaman moto kaɗai yake sauyawa.

Zoben moton Yaya yana hawa na biyar, tun zamanin mai jiki. Maigaraji ya sa kile, ya mayar da shi hawa na biyu, dama da hagu daidai. Aka auna: moto ya sauka da santimita 3. An samu santimita 1, ba a sayi kome ba.

— Baba, don me ba a kai shi hawa na ɗaya ba?

— Saboda akwati, ƴata. Kuma ranar da za ki ɗauki mutum ko buhun hatsi, ki zo a ɗaga zoben.

Hanya ta biyu: gajeren amortisar. Ana sayar da amortisar tsawo-tsawo. Ana auna shi daga tsakiyar ramin noti na sama zuwa tsakiyar na ƙasa. Na moton Yaya santimita 34 ne. Tsohon ya kawo masu santimita 33, guda biyu iri ɗaya, waɗanda rasor ɗinsu ya dace da nauyinta. Ba a sauya ɗaya a bar ɗaya.

A nan akwai abin lura. Amortisar ba a kan notin taya yake ba, yana ɗan gaba da shi, kuma a karkace. Don haka santimita 1 a jikin amortisar yakan fi santimita 1 a wurin taya. Haka ƙyauren ƙofa yake: kusa da inda aka maƙala shi motsi kaɗan ne, a bakinsa motsi mai yawa.

Kafin ya ɗaure, Maigaraji ya duba tazarar da ke tsakanin taya da murfinta. Dole ta fi tafiyar da ta rage wa taya. In ba haka ba, ranar da moto ya faɗa babban rami, taya za ta gogi murfi, ta tsaya cak, mahayi ya tashi sama.

Moto mai amortisar ɗaya a tsakiya, shi kuma sau da yawa ƴan sandunan haɗi gare shi a ƙasa. Su ake sauyawa da waɗanda aka ƙera musamman don wannan moto. Ba a yin su da guntun ƙarfe a bakin hanya, domin nauyin baya duka a kansu yake.

Hanya ta uku: sandunan gaba. Baya ya sauka da kamar santimita 2. Saura gaba. Sandunan gaba suna ratsa faifai biyu na ƙarfe, ƙarƙashin mariƙin tuƙi. Maigaraji ya tokare moton, ya sassauta notin faifan, ya turo sandunan sama da santimita 2. Ya auna na dama, ya auna na hagu, har suka yi daidai. Sannan ya ɗaure da kyau. Ya kama birki, ya danna gaban moton da ƙarfinsa duka, ya ga murfin taya bai taɓa kome ba.

Ba kowane moto ake yi wa haka ba. A wasu, kan sandar a ɗaure yake da faifan sama, ba ya wucewa. Irin wannan sai an buɗe cikin sandar, kuma aikin gwani ne.

Hanya ta huɗu ba ta taɓa rasor ko kaɗan: sirdi. Aka kai shi wurin mai ɗinkin kujeru. Ya buɗe fatar, ya fere soson da santimita 2, ya kuma rage faɗinsa ta gaba. Sirdi mai faɗi yana buɗe ƙafafu, sai su gajarta. Siriri yana barin su su sauka sak.

7. Don me gaba da baya tare?

Sandunan gaba ba a miƙe suke ba. A karkace suke, gindinsu ya yi gaba. Wannan karkata ita ke sa moto ya tafi sak, ko da mahayi bai matse mariƙi ba.

In an sauke gaba kaɗai, moto ya duƙa, sandunan sun ƙara miƙewa. Kan moto ya yi sauƙin juyawa fiye da kima. Yana iya rawa cikin gudu, yana kuma saurin nutsewa cikin rairayi.

In an sauke baya kaɗai, moto ya ɗaga kai. Juyawa ta yi nauyi, kwana tana cin wuri. Da dare fitila tana haska sama, tana kashe idon mai zuwa.

Don haka abin da aka rage a baya, shi ake ragewa a gaba.

8. Bashin da aka ci

Maigaraji ya sa Auta ya auna daga ƙasa zuwa cikin inji. Da santimita 24 ne. Yanzu ya koma 22.

— Ƴata, ga bashin da na faɗa miki. Kututturen da kike tsallakewa da, yanzu yana iya dukan inji. A kwana, madorin ƙafa zai fi saurin taɓa ƙasa. A hanya mai gargada, taya ba ta da wurin hawa kamar da. Santimita 2 bashi ne da za ki iya biya da rage gudu. Da na ba ki takwas, da hanya ta karɓi bashinta a jikinki.

Aiki bai ƙare ba. Moto in ya sauka, wasu abubuwa sun sauya tare da shi. Tsohon ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Sarƙa: ya duba ta Yaya tana zaune bisa sirdi. Ya bar mata sassauci kamar faɗin yatsu biyu.

Birkin baya: ya daidaita sandarsa, don kada ya kama da kansa in moto ya matse.

Fitila: ya haska bango, ya daidaita ta.

Matokari: moto ya sauka, amma matokarin yana nan da tsawonsa. Moton ya tsaya kusan a miƙe. Iska ko akuya tana iya kayar da shi. Maigaraji ya kira yaronsa.

— Zo da zartonka. Ga inda ake yanka.

Yaron ya rage matokarin, ya yi masa walda, ya manna masa ɗan faifan ƙarfe a ƙasa don kada ya nutse cikin rairayi.

Yaya ta hau. Sirdi ya sauka da santimita 4: biyu daga rasor da sanduna, biyu daga soso. Dugaduganta ba su kai ƙasa ba, amma gaban tafin ƙafafunta biyu ya taka sosai. Tsohon ya koya mata dabara: in za ta tsaya, ta ɗan zame gefen hagu, ta kafa ƙafar hagu duka, ta dama tana bisa birki. Ta duba inda za ta taka tun kafin ta tsaya. Ta sa takalmi rufaffe, da hular kwano. Ta zagaya filin tasha sau biyar, tana tsayawa tana tashi, har jikinta ya saba.

Talata ta zagayo. Yaya ta isa ƙauyen da hantsi, akwati a rufe. Ta rataya ma'auninta a reshen tsamiya. Mata suka yi layi. Kafin azahar duk yaran sun samu allurarsu.

ABIN RIƘEWA

Rasor yana ɗaukar nauyi. Amortisar yana hana tsalle. Su biyun suna riƙe taya manne da ƙasa.
Ana auna moto kafin a taɓa shi, a kuma auna bayan an gama.
Ana rage tsawo kaɗan, gaba da baya daidai, dama da hagu daidai.
Ba a yanke rasor, ba a sa masa wuta, ba a rage iskar taya.
Bayan aiki ana duba murfin taya, da sarƙa, da birki, da fitila, da matokari.
Buɗe amortisar aikin makaniki ne. Rasor a matse yake, yana iya tsalle ya ji wa mutum ciwo.

KALMOMI

rasor: le ressort
amortisar: l'amortisseur
sandunan gaba: la fourche
hannun baya: le bras oscillant
tafiyar taya: le débattement
sirdi: la selle
matokari: la béquille
murfin taya: le garde-boue
mariƙin tuƙi: le guidon
hular kwano: le casque

TAMBAYOYI

1. Me ya kayar da Yaya? Wa ya cutu da faɗuwarta ban da ita?
2. Mene ne aikin rasor? Mene ne aikin amortisar?
3. Don me moton tseren hamada yake da tsawo?
4. Ku kawo dalilai uku da suka hana a yanke rasor.
5. Don me zoben rasor yake hawa na biyar lokacin da aka ba Yaya moton?
6. Me zai faru in an sauke gaba kaɗai? In baya kaɗai fa?
7. Maigaraji ya ce mai rage tsawon moto bashi ya ci. Me yake nufi?
8. Ku bayyana karin maganar da ya yi wa yaronsa. Ku kawo wata mai kama da ita.

LISSAFI

1. Kilo 20 yana matse wani rasor da santimita 1. Da nawa kilo 60 zai matse shi?
2. Wannan rasor zagaye 10 gare shi. An yanke 2. Da milimita nawa kilo 60 zai matse shi yanzu?
3. Tafiyar tayar wani moto santimita 12 ce. Da nawa ya kamata ya sauka in mahayi ya zauna? Nawa ya rage na hawa dutse?
4. Sirdin moton Yaya santimita 84 ne daga ƙasa. An rage 4. Nawa ya koma?
5. Cikin inji yana santimita 24 daga ƙasa. Da an sauke moton da santimita 8, zai wuce kututture mai santimita 18?

GWAJI DA AIKI

1. Ku samo rasor biyu iri ɗaya daga tsofaffin bik. Malam ya raba ɗaya gida biyu. Ku matsa cikakken tsakanin yatsu, sannan ku matsa rabin. Wanne ya fi tauri? Ku nisanta shi daga ido.
2. Ku aro ma'aunin rataye. Ku rataya ruwa lita 1, sannan 2, sannan 3. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Ku lura da tafiyar allura, ku zana abin da kuka gani.
3. Tare da malam, ku ziyarci wani garaji. Inji a kashe, ku danna bayan moto ku sake. Mai amortisar lafiyayye sau ɗaya yake tasowa ya tsaya. Ku tambayi makaniki sunayen sassan moto da hausa da faransanci, ku rubuta su cikin kaye.
4. Ku rubuta jimloli biyar: wace shawara za ku ba ɗan kabu-kabun da yake so ya yanke rasor ɗin motonsa?